Hoton Yaya a Bangon Aji

Malamar jami'a ce, tana bincike kan yadda jawaban manya game da ilimi ke sauya kallon da mutane ke yi wa junansu. Dabararta ba wuya: a tara jama'a a aji, a kunna musu jawabi, sannan a nuna hoton wani ma'aikaci a yi musu tambaya. Hoton ne ya yi wuyar samu, sai ta tuna da yayanta mai walda. Na gida ai ba sai an yi masa dogon bayani ba, ita kuwa ba ta yi ba.

Da ta je ɗaukar hoton, ya tsaya a ƙofar shago da tabaron walda a goshi, baki har kunne. "To, yau dai na shiga jami'a, ko da a hoto ne."

Ranar gwajin, tana ɗaga kai ta hango shi a kujerar baya, ya sha wanka har da hula, ya zo ganin aikin ƙanwarsa. Ta so ta dakatar, amma an riga an kunna jawabin.

Muryar wani babban mutum ta cika ajin: wanda bai yi karatu ba kaya ne a wuyan al'umma, makaho ne da idonsa biyu. Sai hoton ya bayyana a bango. Ita ta tsara tambayar, ita kuma za ta karanta: "Wa zai nemi shawarar mutumin nan kan tarbiyyar ɗansa?"

Ba hannun da ya tashi. Wata mata ta ce, "Wannan? Sai dai ya gyara mini ƙofa." Aka kwashe da dariya, ba wanda ya gane mai hoton yana zaune a bayansu. Sakamakon da take nema ya fito tsaf, ita kuwa kunya ta rufe ta, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka tashi ta tare shi a bakin ƙofa. "Yaya, wallahi ban..."

"Haba Auta, aikinki ne. Kuma mutumin nan ya iya magana." Ya dubi takalminsa. "Jibi akwai taron iyaye a makarantar su 'yar taki ta wajena. Ki je mini."

"Kai da ba ka fashi? Har magana kake tashi ka yi."

"Ki je dai," ya ce. "Ke za su fi saurara."