Baba Ya Ƙi Yabon Kansa

"Goge wannan ma," in ji Peniamina, ya dangwala yatsa a fuskar kwamfutar.

Sieni ta dafe kai. Awa guda ke nan tana zaune da mahaifinta a laburaren unguwarsu a garin Logan, nesa da ƙasarsu ta asali, Samoa, suna fama da wasiƙar neman aiki mai shafi ɗaya tak. Wata uku da rufe siton da ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar loda kaya a cikinsa. Yanzu wani sito na neman shugaban ma'aikata, ƙarfe huɗu za a rufe karɓar takardu, ga shi uku ta gota.

"Baba, wannan kuma me ya yi? Cewa kawai na yi kai ka koya wa sababbin direbobi aiki."

"Ni zan faɗa da bakina? Su ce tsohon nan ɗan Samoa ba shi da kunya?"

"Su fa ba su san ka ba! In ba ka faɗa ba, duba za su yi?"

Abin da ya yarda a bari bai wuce gaisuwa ba. Ya gai da manaja, ya gai da iyalan manaja, ya gode wa Allah da ya nuna musu wannan rana. Layi tara cur, ko kalmar aiki babu. Haushi ya turnuƙe Sieni kamar ta kurma ihu, sai dai laburare ne.

"A ƙauyenmu ko shugaban dangi ba ya yabon kansa," in ji shi. "Mai magana da yawunsa ne ke miƙewa ya faɗa."

"To nan ba tsibirinku na Savai'i ba ne, Baba. Ina za mu samo maka shi kafin huɗu?"

"Ke ba ki da baki ne?"

Ta yi tsaki ciki-ciki, ta buɗe sabon shafi. "Sunana Sieni Leota. Ina rubutowa ne a madadin mahaifina, domin al'adarmu ta hana shi yabon kansa." Daga nan hannunta bai tsaya ba. Ta rubuta shekarunsa a aiki, ko kwali bai taɓa kayarwa a kan wani ba. Ta rubuta yadda bayan rufe siton ya bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya har ya samar wa mutum shida aiki, shi bai tambayar wa kansa ko sau ɗaya ba.

Saura minti takwas ta tura, ba ta nemi izininsa ba.

Peniamina ya karanta ta saman kafaɗarta, leɓensa na motsi. Da ya gama, ya dube ta.

"Zancen mutum shidan nan, wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya min."

Ya cire tabarau, ya shiga goge shi da bakin rigarsa.

"Ashe kina gani," ya ce.