Ranar da Sumie ta Shiga Ramin Dutse

Shekara talatin Sumie ta yi a bakin ramin haƙar dutse na mahaifinta, can cikin tsaunukan arewacin Kyoto, tana tantance dutsen wasa wuƙa, amma ko taku ɗaya ba ta taɓa yi a cikinsa ba. Mace ba ta shiga. Mahaƙa sun ce aljanar tsaunin in ta ji ƙafar mace sai ta rufta da kowa. Da tsohon ya rasu, ƙanenta Genzo ya gaji ramin, ɗan banzan nan bai cika wata ba ya kore ta daga rumfar tantance dutsen, wai idonta ya mutu.

Ta ƙullace shi, ba ta kuwa ɓoye ba.

Dutsen nan lakar ƙasan teku ce da ta kwanta falle-falle tun kafin a yi mutum, kuma falle ɗaya tak, mai launin gwaiduwar ƙwai, masu saye ke so. Ana cikin haƙa sai fallen ya yanke, a inda tsaunin ya taɓa tsagewa ya goce. Genzo ya haƙa sama, ya haƙa ƙasa, wata biyar ba komai sai baƙin dutse. Sai ga shi a ƙofarta da ɓarɓashi a buhu, yana ta sunkuyar da kai.

Kallo ɗaya ta yi wa ɓarɓashin ta gane inda fallen ya nufa. Da ta so, daga zaune za ta faɗa masa. Ina! Ta ce ai idonta ya mutu, sai dai ta shafa bangon da hannunta.

"Yaya, kin san abin da mutanena za su yi."

"To, koma ka ci gaba da haƙar baƙin dutsenka."

Kwana uku yana juyayi kafin ya yarda, bisa sharaɗin su je ranar hutu, a ɓoye. Ta ce to, ta wuce gidan wankan jama'a ta shaƙe kunnen matar shugaban mahaƙa da labarin.

Ta shiga da fitila, ta shafa bango, ta sa ƙanen nata ya sari hagu. Fallen ya bayyana, lafiyayye, Genzo har da hawaye. Da suka fito, mahaƙansa shida na tsaye cirko-cirko. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye gudumominsu suka gangara, kuma duk kwarin nan babu mai sake shiga ramin. Wani sanyi ya ratsa zuciyar Sumie.

"Ga dutsenka na nemo maka," in ji ta, tana kakkaɓe hannu. "Sai ka haƙa."