Itacen Tuffa na Curtis

Hukumar hanyoyi ta ba Orval Tackett wa'adi zuwa ƙarshen kaka ya cire itacen tuffar da ke bakin babbar hanya. Dokar ba baƙuwa ba ce a wurinsa, don ya daɗe yana yankan ciyawa da dashen furanni a gefen hanyar nan. Ba a barin itace mai kauri kusa da kwalta, domin motar da ta kauce ta sami filin tsayawa. Lokacin da ya dasa tuffar ba ta fi yatsa ba, sai kowa ya kawar da kai. Yanzu ta kai kaurin damtse.

A daidai wurin ne ɗansa Curtis ya rasu.

Da can duk motar da za ta ratsa wannan yanki na jihar Indiyana sai ta bi ta tsakiyar garinmu, Calder. Mahaifin Orval na da gidan mai, mahaifiyarsa kuma tana gasa wainar tuffa wadda direbobi ke layi a kanta. Orval na yaro aka zo aka yanka gonaki aka shimfiɗa sabuwar hanya, ta zagaye garin ta yi gaba. An ce cunkoso zai ragu. Ya kuwa ragu, har ya tafi da gidan man, da masauƙin baƙi, da shagon aski. Samarin da aka haifa daga baya ba su tarar da aiki a gari ba, sai su hau hanyar da ta kashe garin su je birni nema. Haka Curtis yake yi kullum, har safiyar da ƙanƙara ta lulluɓe kwalta, motarsa ta kauce.

Wasu gicciye suke kafawa a inda nasu ya rasu. Orval itace ya sani, don haka itace ya dasa. Ya yanko reshe daga tsohuwar tuffar mahaifiyarsa kafin ta mutu, ya ɗaura aure da wani dashe, ya raine shi kamar jinjiri. Ita kaɗai ta rage daga irin.

Ranar Asabar da hantsi ya faka akori-kurarsa a gefen hanya. Dewey, abokin aikinsa tun suna samari, ya sauko yana miƙa, da kofi a hannu.

"Ka san dai hutuna ka cinye ko, tsoho?"

"Wane hutu? Kwanciya gaban talabijin?"

"Ita ce hutun. Bayana ma ya ce in gaishe ka."

Orval bai yi dariya ba. Ya riga ya tsara komai, ya kwana nawa yana juya shi a rai. An jira ganye ya zube, itacen ya yi barci. Za su haƙa rami zagaye, nesa da gindi, su ɗago saiwoyin da ƙasarsu, su naɗe da buhun algarara, su kai bayan gidansa. Ramin can ya haƙa tun shekaranjiya, mai faɗi ba mai zurfi ba. Ya auna shi ya sake aunawa.

Abin da ke damunsa shi ne tulin da ke gindin itacen. Niƙaƙƙen ɓawon itace ne, irin wanda ake zubawa don ƙasa ta riƙe danshi, amma an tara shi har ya kusa kai gwiwa, ya rungume gindin kamar bargo. Matarsa Marlene ce ke zuba shi. Duk Lahadi bayan coci sai ta zo da buhu guda, ta durƙusa, ta tattara da hannuwanta ta daddanna.

Abu na farko da Orval ke koya wa duk sabon ma'aikaci shi ne kada ɓawon nan ya taɓa jikin itace. A baza shi zagaye, a bar gindi ya sha iska. Sau ɗaya ya taɓa faɗa mata haka, a shekarar farko. Ta ɗago kai ta dube shi ta ce, "Sanyi ake yi a nan, Orv." Daga ranar bai ƙara tankawa ba. Yakan zo a ɓoye ya ɗan janye tulin, Lahadi ta dawo ta mayar. Daga baya ya daina zuwa. Ya ce wa kansa ai tuffa tana da juriya.

Dewey ya sa shebur ya fara yaye tulin. Sai ya ajiye shebur ya durƙusa yana tonawa da yatsu.

"Orv. Zo ka gani."

Orval ya sani tun kafin ya sunkuya. Ɓawon gindin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ɓarewa da an taɓa. Ƙananan saiwoyi sun tsiro cikin tulin, sun rasa inda za su, sun yi ta zagaya gindin har suka shaƙe shi. Ɓeraye kuma sun yi ɗaki a cikin ɗumin, sun gaigaye abin da ya rage. Ya bi da babban yatsansa yana neman inda ɓawon ke da rai. Ya sami ɗan siririn wuri guda.

"Shi ya sa ganyen bana ya zube da wuri," in ji Dewey a hankali. "Na ɗauka gishirin da suke watsa wa hanya don narkar da ƙanƙara ne."

"Ni ma haka na ce."

"Ko mu yanki reshe mu ɗaura a wani dashen?"

Orval ya miƙe ya kama wani reshe ya lanƙwasa. Ya karye ƙas. Ya kama na biyu, ya kankare da farce, ciki duk ruwan ƙasa ne, babu kore. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, manyan motoci na wucewa suna kaɗa masa hula, har Dewey ya dafa kafaɗarsa.

"Bari haka, ɗan'uwa."

"Mu haƙa."

"Orv, ba za ta kai bazara ba."

"Na ce mu haƙa. Marlene na jiranmu."

Suka haƙa yadda ya kamata, ba su yi ha'inci ko kaɗan ba. Suka yanke saiwoyin da kaifi, suka naɗe, suka ɗaure, suka cicciɓa da ƙyar. Dewey bai sake maganar bayansa ba. Suka bi tsohuwar hanya a hankali, ta gaban kangon gidan man, inda ciyawa ta fasa siminti.

Marlene na tsaye a bayan gida da rigar sanyin Curtis a jikinta. Ta soya musu kaza, ta gasa burodin masara. Ta bi su da ido har suka zaunar da itacen a ramin, suka cika ƙasa, suka ba shi ruwa. Orval ya tsaya ta gefen da gindin ya fi lalacewa, ya kare shi da ƙafafunsa.

"Tuffar ta rame," in ji Marlene. "Ko ba ta rame ba, Dewey?"

Dewey ya dubi takalminsa. "Tafiya ce, Marlene. Ko ni in na yi tafiya haka nake komawa."

"Kai da wannan tumbin?" Ta yi 'yar dariya, wadda Orval ya manta rabon da ya ji. "Yanzu dai yarona ya dawo gida. Ina iya ganinsa ta tagar kicin."

Ta shiga rumfa ta jawo buhun niƙaƙƙen ɓawo a ƙasa. Orval ya buɗe baki. Kalmomin suna nan a harshensa, waɗanda ya faɗa wa ma'aikata ba adadi. Ya dubi bayan hannuwanta, yadda jijiyoyi suka fito, ya dubi busassun rassan. Babu sauran abin da iska za ta ceta.

Ya karɓi buhun daga hannunta, ya farke bakinsa da wuƙa. Ya durƙusa da sauri kafin ta ga gindin, ya kwaso da hannu biyu ya rufe wurin da ya ruɓe. Ta durƙusa kusa da shi, tana tattarawa tana daddannawa.

"Ƙara ta wancan gefen," ta ce. "An ce za a yi sanyi a makon nan."

Ya ƙara.