Katakon Ƙofar Likita

Kafinta ne ya riga kowa gani, ko yau ka tambaye shi zai rantse maka. Tun ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwa ba su san dawan garin ba, shi ya hango wani mutum mai jakar takardu tsaye a baranda, ya ƙura wa katakon da ke jikin ƙofa ido. Wanda ya shekara sittin yana aikin katako ai ya san irin kallon da ake yi wa abin da za a cire.

Katakon aikin hannunsa ne. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce injin yanka ya ci ƙafarsa har ƙashi, aka kawo shi a baro, jini na bin titi. Babu babban likita a wurin, ba a ma taɓa turo shi ba. Wata siririyar ma'aikaciyar jinya ce ta ɗaure, ta ɗinke, ta yi wata uku tana wanke ciwon da hannunta. Su uku aka kwantar da irin raunin a shekarar, shi kaɗai ya fita da ƙafa biyu, don shi ba ƙaramin namiji ba ne. Da ya warke ya zaɓi katako mafi tauri a shagonsa, ya sassaƙa mata sunanta, ya sa Likita a gaba. Bai taɓa shiga aji ba. Wani ya rubuta masa a takarda, ya bi zanen yadda yake bin zanen fure a jikin gado. Mai ɗakinsa, Allah ya ji ƙanta, ita ta danne katakon da gwiwa tana yi masa tsiya, wai jahili ya zama malami rana tsaka. Har dariyarta ta sa ƙarfen sassaƙa ya zame ya yi wa aikin tabo.

Washegarin zuwan mai jakar, ma'aikaciyar ta aika a kira Kafinta. Yanzu ita ma furfura ta fito mata.

"Baba, ka zo da kayan aiki?"

"Kin taɓa ganina babu su, Likita?"

"To sunan nan ne matsalar. An yi doka, ba mai amsa shi ko ya rataya shi a ƙofa sai wanda ya yi karatun likita ya samu takarda. Ni jinya na karanta. Mai jakar nan jami'in gwamnati ne, kwana uku ya ba ni. In ya dawo ya gan shi, zai karɓe izinin aikina, a rufe ɗakin nan."

"Takarda ce ta ɗinke mini ƙafa?"

"A'a. Amma gaskiyarsu ce, Baba. Akwai masu sa farar riga su ce su likitoci ne, su kashe mutane."

"Su je su kama su mana! Ke wa kika kashe?"

"Kai zan fara da shi in ba ka daina ihu a asibiti ba."

Ya zare ƙusoshin, ya ɗora katakon a kan bencin marasa lafiya. Sai ya tsaya. Duk shekarun nan yana wucewa yana nuna wa mutane aikinsa, amma bai san inda Likita ya ƙare sunanta ya fara ba. Kunya ta kama shi, ya hau share ƙura da hannun riga. Ita kuwa ta gane. Ta ɗora yatsa a wurin, ta ja layi a hankali.

Kankarewa ba za ta yiwu ba, ya nutsa rubutun da zurfi, irin aikin da yaran yanzu ba sa iyawa. Sai zarto. Yana ja yana jin kamar yana yanka wani abu mai rai. Da guntun ya faɗo hannunsa, babban yatsansa ya sauka a kan tabon nan. Ashe a wannan gefen yake. Ya daɗe yana shafawa, yana jiran ya ji dariyar, bai ji komai ba sai tarin wata mata a layi.

Ran na uku mai jaka ya dawo, ya dubi ƙofa, ya sa hannu a takarda. Kafinta yana zaune a benci, wai ya zo awon jini. Da ya tashi tafiya, sunan ya taho masa har kan harshe, ga mai jaka tsaye. Ya haɗiye shi da ƙyar.

"Sai anjima, 'yata."

Ta ɗago da sauri, kamar wadda baƙo ya gaisar. "Sai anjima, Baba. A kula da ƙafar."

Asibitin yana nan a buɗe, ana ta cika benci. Shi kuwa ya rage zuwa, don bakinsa bai iya sabon sunan ba, yana tsoron ya jawo mata matsala. Guntun katakon yana kan taga, gefen da mai ɗakinsa take kwanciya lokacin tana da rai.

Wanda ya ce ƙari ne, shagon ba ɓoyayye ba ne. Ya zo Kafinta ya naɗe masa ƙafar wando ya ƙirga ɗinkin, sannan su je gida ya sa yatsa cikin rubutun nan. In ya samo mai sassaƙa zurfin haka a yau, ya ɗauki zarton ya tafi da shi.