Kashe-Kwarin Dada

A bayan gidan Bappayo tela, a Kagarawal, akwai wani kwari da ruwan sama ya haƙa tun kafin a haife shi. Bai taɓa jin tsoronsa ba, domin bakin kwarin cike yake da kashe-kwari, shukar nan mai dogayen rassa wadda ko akuya ba ta kulawa. Mahaifiyarsa, da kowa ke kira Dada, ita ta dasa shi da hannunta shekarar da suka sayar da ragowar shanunsu suka shigo gari, kuma saiwarsa ce ta riƙe ƙasar wurin. Ban da haka, duk shekara kafin ruwan farko 'yan layin kan yi gayya, maza su cika buhuna da yashi su jera inda ƙasa ta fara tsagewa, mata su dama kunu.

Ana nan sai shekarar zaɓe ta zo da albishir. Aka ce gwamnati ta ciyo bashi daga waje, za a gina wa kwarin magudanar siminti daga sama har ƙasa, kuma manya za su zo da kansu su ƙaddamar da aikin. Shi Bappayo rediyonsa ba ya mutuwa a shago, saboda haka a layin ana yi masa kallon masanin siyasa, shi kuma bai taɓa musantawa ba. Ya bi gida-gida yana cewa abin kunya ne manyan baƙi su zo su tarar da jeji. Ai ko baƙon ƙauye za ka yi, sai ka share ƙofar gida. Ranar Asabar samari suka fito da adduna da fartanya.

Dada ta dogara sandarta ta fito. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai, yaron nan, masu ginin ne suka ce a cire?"

"Dada, siminti za a zuba. An wuce zamanin ciyawa."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sunkuya ta tsinci 'yan rassa daga cikin waɗanda aka sare, ta koma ɗakinta na can ƙurya, wanda bangonsa ya ba kwarin baya. Kafin la'asar bakin kwarin ya yi fes. Manya suka zo, aka yi tafi, aka kafa allo babba mai hoton yadda wurin zai koma.

Gaskiya kamfanin ya yi aiki da farko. Sun gina magudanar daga can sama, mai faɗi, mai kyau, ta tattaro ruwan unguwa kaf. Sai dai daidai saitin gidan Bappayo simintin ya ƙare. Wata safiya ya ga ana ɗora katafila a kan babbar mota, ya bar ɗinki ya tari shugaban ma'aikatan, wani Sharfaddeen.

"Injiniya, lafiya? Ina za a kai ta?"

"Malam, an daina biyanmu. An ce abin da ke shigowa yana tafiya wajen biyan kuɗin ruwan basussukan baya."

"To, bashin da aka ciyo don wannan aikin fa?"

Sharfaddeen ya ɗaga kafaɗa. "Shi ma yanzu ya shiga cikin na baya. Sun ce idan an samo wani za mu dawo."

Daga ranar rediyon ya fara ɗaci a kunnen Bappayo. Ya ji waɗanda suka yi rantsuwa za su rage cin bashi suna bayanin dalilin ciyo sabo, ya ji waɗanda suka ciyo na da suna zaginsu. Abin da ya fi damunsa shi ne duk bakinsu da daɗi, kuma da a da ne, da ya zaɓi ɓangare ya kare shi har muryarsa ta dushe. Yanzu sai ya taka keken ɗinkinsa yana tunanin cewa da sunansa aka karɓo bashin, da sunan Dada, har da na 'yarsa Batul da ke aji uku, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Ya nemi a yi gayya, mutane suka ce ai wuri ya zama na gwamnati, ga allo nan. Wani ma ya tuna masa waye ya kira samari da adduna. Bai ji haushi ba, kunya ya ji.

Damina ta sauka. Ruwan da a da yake bazuwa cikin kashe-kwari ya rasa ƙarfi, yanzu magudanar ke harbo shi wuri ɗaya, a ƙasa tsirara. Da bangon Dada ya tsage, Bappayo ya durƙusa ya roƙe ta ta dawo ɗakin gaba. Ta yarda, amma ta ce sai an fara ɗauko mata wani tsohon bokiti daga bayan ɗakin. Wata Laraba da azahar, suna tsaye a zaure ana sheƙa ruwa, ɗakin da ta zauna a ciki tun tana da ƙarfinta ya zame ya tafi cikin kwari. Bappayo ya yi kuka a gaban 'yarsa.

Da ruwa ya ɗauke, Dada ta sa Batul ta jawo bokitin. Rassan da ta tsinta ne a ciki, sun yi saiwa, sun yi ganye.

"Dada, wannan kafin ya riƙe ƙasa ai sai an yi shekaru," in ji Bappayo.

"Na sani. Ba ni zan gani ba." Ta nuna Batul da haɓa. "Tunda an bar mata bashi, a bar mata wannan ma."

Bappayo ya ɗauki fartanya. Suka sauka shi da Batul, suka fara dasawa daga gindin allon, don nan ne kaɗai ƙasa ba ta zame ba tukuna.