Bindigar Eckhart

Gernot Weisheit ya daɗe da rufe shagonsa na gyaran bindigogi a garin Suhl, amma mutane ba su daina ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Kowa da tsohuwar bindigar da ya gada, kowa yana son a gaya masa shekarunta. Shi kuwa ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, ya gaji da ba mutane amsar da ba sa son ji.

Ranar nan Waltraud ce ta zo, matar amininsa Eckhart da aka binne a bazara. Ta ajiye bindiga mai baki biyu a kan tebur, naɗe cikin bargo.

"Gidan tarihi zan kai ta," in ji ta. "Sun ce sai da shaidar shekararta. Ka san ta kakan Eckhart ce, tun kafin yaƙin duniya na farko."

"Zauna ki sha kofi tukuna."

"Na sha. Duba min kawai, Gernot."

Ya kwance ta a hankali, ya juya bututun, ya goge tsohon mai da babban yatsa. Lambobin da ke jikin ƙarfen suka ƙi fitowa ko da tabarau.

"Karanto min. Idona ya yi ritaya kafin ni."

Ta karanto lambar, sannan ƙananan alƙaluma uku da ke kusa da hatimin gwaji, masu nuna wata da shekarar da aka gwada bindigar. Jerin lambobin nan ya san shi; a lokacinsu yana saurayi a masana'anta, yana sassaƙa ƙotar bindiga daga safe har yamma.

"Watan Maris, sittin da ɗaya," ya ce. "Ta yiwu ma ni na yi mata ƙotar nan."

"Kana nufin ƙarya ya yi min?"

"Ta kakan nasa sojoji suka karɓe bayan yaƙin duniya na biyu, tare da na kowa. Abin bai taɓa barin zuciyar Eckhart ba. Da ya sami wannan, sai ya riƙa kiranta da sunan waccan. Tun muna yi masa dariya har muka daina."

Waltraud ta zauna.

"Duk Lahadi sai ya goge ta a kan teburin cin abincina," ta ce. "Ban taɓa cewa uffan ba, wai don ta kaka ce. Ashe sa'ar injin wankina ce."

Gernot ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari.

"In kina so, in ce musu ban iya karantawa ba."

"A'a. Sun ishe ni da tambayoyi ma." Ta tura masa bargon. "Harhaɗa min ita. Jikarsa ta fara koyon farauta, ita zan ba."

Sai da ta riƙe masa bututun kafin ya iya mayar da shi.