Takardar Baba Fulgencio

"Ba zan sa hannu ba, Baba," na ce, na tura masa takardar.

Baba Fulgencio, maƙwabcinmu mai gyaran takalma, wanda ya riƙe ni ranar baftisma, ya zare tabarau ya dube ni. Shekara arba'in da shida yana cikin masu ɗaukar sassaƙen Yesu a kafaɗa ranar Juma'ar Gicciye. Bana ƙungiyar coci ta ce duk wanda ya haura shekara saba'in sai ya kawo shaidar lafiya, ni kuwa ce nas a ɗakin shan maganin unguwa.

"Odilia, ina ne ke min ciwo? Nuna min!"

"Ba zai yi ciwo ba. Suga ya kashe maka jijiyoyin jin zafi. Gwaji ya nuna jini ba ya isar zuciyarka. Ga hawan jini, ga sigari."

"Ji 'yar boko! Jiya-jiya nake share miki majina."

"Hakin da kake yi a hawan kasuwa fa?"

"Tsufa ne, ja'ira. Sa hannu."

Ban sa ba. Matarsa Herminia ta biyo ni gida da kunun masara mai zafi. "Ɗiyata, sau ɗayan nan. Alkawari ya yi wa Ubangiji tun rasuwar ɗanmu." Uwata ta ce karatu ya ƙeƙashe min zuciya. A layin niƙa mata suka daina amsa gaisuwata. Na ɗaga kai na wuce. Ba don in yi ƙarya na yi shekara huɗu a makaranta ba.

Ranar Juma'ar, Baba na tsaye a ƙofarsa hula a hannu, aka wuce da sassaƙen, wani na ɗauke a gurbinsa.

Bayan sati biyar, da hantsi, Herminia ta ƙwala min kira. Na same shi zaune a kan bencinsa, ƙusa biyu a leɓe, takalmin wata yarinya a cinya. Ko ƙara bai yi ba, in ji ta. Ta ɗauka gyangyaɗi ne, ashe ya cika.

Ko yau aka kawo takardar, ba zan sa hannu ba. Amma tun ranar da na ƙi, kwana arba'in da ɗaya ina wucewa ta ƙofarsa ina cewa "Ina kwana, Baba," yana ci gaba da buga gudumarsa. Haka ya tafi bai amsa ba.